Muryar Da Ba Ta Dariya

Zuwa ga Ɓarawon Takalmi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kuma dutsen da kuke fasawa bai fasa maka kai ba tukuna, ko da yake ban san abin da zai tarar a ciki ba. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon ƙafa na tsayuwa a kan majinyata. Idan ka je gida ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce mata har yanzu ina mamakin yadda mace mai hankali irinta ta haifi irinka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Babbar wayata tana cikin kwali a ƙarƙashin gado, a kashe. Na sayi ƙarama wadda asibiti kaɗai ke da lambarta. Direban da ke kai muku kayan inji daga nan ya ce zai riƙa kai maka wasiƙa, tunda can wajenku ko sabis babu.

Ka yi sa'a da aka kore ka daga zauren dangi na waya. Tun ranar da ka sa hoton akuyar nan mai hular jam'iyyar Fitila a ka da hular Tsani a wutsiya, ba wanda ya ƙara sa abin dariya. Da safe zagi, da rana zagi. Rabin dangi 'yan Fitila, rabi 'yan Tsani, har barka da haihuwa sai an duba jam'iyyar uban jariri.

Ranar da aka yi arangama a wajen taro, ɗakinmu na asibiti ya cika da masu rauni. Na dawo a gajiye na rubuta a zauren cewa na ɗinke kan ɗan Fitila da safe, na ɗinke na ɗan Tsani da rana, zare ɗaya na sa, kuka iri ɗaya suka yi. Yaya ya ce an saye ni. Wannan bai dame ni ba, tun da aka ba shi shugaban matasa haka yake. Sai ga saƙon murya daga wayar Baba, a gaban kowa:

"Ɗiyata, wanda bai bi Fitila ba ba jinina ba ne. Kada ki ƙara taka ƙofata."

Na saurara har na haddace. Shi ne, har ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara magana. Mutumin da yake kunna rediyo biyu a shagonsa na gyaran rediyo, ɗaya tashar waɗannan ɗaya ta waɗancan, ya juya su suna fuskantar juna, ya zauna a tsakiya da sukundireba yana cewa shi ne alƙalin wasa. Mutumin da dubban mutane ke bin shafinsa don kawai su ji ya yi wa kowane ɓangare tas. Na yi ta kiran Inna kafin in kashe wayar, kullum sai ta ce yana barci.

Kai ɗan ɗakinsa ne tun kana yaro. Ka tambayar mini kawunka abin da na yi masa. Abin yana cina, ba na iya barci.

Ba taka ba,
Uwar Allura

*

Zuwa ga Uwar Allura,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, kaina ma yana nan, dutse ne ya tsage. Mahaifiyata tana lafiya, na baro ta ƙarshen watan jiya tana yi mini faɗan aure. Mutanen gidanku kowa yana nan. Kuma ki daina kirana ɓarawo a bayan ambulan, direban nan ya fara ɓoye takalmansa idan ya gan ni. Takalmin naki ƙafa ɗaya na ɗauka, shekarunmu ba su kai na hankali ba.

Na yi murna da kika binne wayar nan. Mu nan mun warke tuntuni. Akwai wani tudu da idan ka hau ka ɗaga hannu sama sabis yakan zo, to duk wanda ya hau sai ya sauko da fushi, shi ya sa muka sa masa suna Tudun Hawan Jini.

Maganar Kawu kuma, kada ki sa ta a ranki. Ina jin tsohon saƙo ne aka tono, ko wasa ya yi aka yanke wajen dariyar. Kin san halinsa. Wannan fa shi ne ya gyara wa amininsa Tela rediyo, tun daga ranar rediyon bai ƙara kashuwa ba sai an cire batir, da Tela ya kawo ƙara ya ce masa ai ƙari ya yi masa kyauta. Mutum irin wannan ba ya korar 'yarsa a kan hula.

Kwanan nan dai ba ya magana da kowa, ba ke kaɗai ba. Ki yi haƙuri, ki bar shi ya huta. Ba lokacin tambayarsa ba ne yanzu.

Ki ci abinci, ki rage tsikarar bayin Allah.

Ɗan gwaggonki,
mai takalmi ƙafa ɗaya

*

Kai,

Ina lafiya. Ina fata kana lafiya.

Na daɗe ban ba ka amsa ba saboda na ji haushinka. Ba ya magana da kowa? Shekaranjiya wata abokiyar aikina ta kira ni gefe ta ce, ba wannan ne babanki mai ban dariyar nan ba? Ta kunna mini. Yana lissafo 'yan Tsani na layinmu gida gida, yana cewa a san da su. Tela ne na farko. Ta ce kullum yana sakin sabo, wani lokaci har biyu. Wata tsohuwa da nake wa wankin ciwo ta ce in kashe, muryar tana sa ta jin sanyi.

Don haka ba tsohon saƙo ba ne, kuma bakinsa bai mutu ba. Ni ce dai ba ya magana da ni, kai kuma kana rufa masa asiri. Ban san kai ma ka sa hula ba. Idan sun ce ka lallashe ni ne in yi shiru har a gama zaɓe, ka gaya musu na yi.

An ba ni hutun shekara, na mayar. Ina zan je? An ce kada in taka ƙofa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Na sa ta kunna mini saƙonnin a jere, tun daga na farko. Ko sau ɗaya bai yi dariya ba. Baba ko ta'aziyya ya je sai Inna ta riƙa zungurarsa. Me kuka yi masa?

Ni ce

*

Zuwa ga 'yar kawuna,

Ina gaishe ki. Wannan karon ba zan ce miki kowa lafiya ba, don ƙarya ce. Wasiƙarki ta kwana biyu a aljihun direba kafin ta iso, ina gama karantawa na nemi izini na tafi gida. A kan teburin Kawu nake rubuta miki wannan. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin ki rubuta maganar zaren nan. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace, kalma ɗaya ba ta fita. Na sani tun wancan zuwan. Inna ta sa na yi alkawari ba zan gaya miki ba, wai kina nesa, hankalinki zai tashi, a bari ya ji sauƙi. Kin san gidanmu, na nesa shi ne ƙarshen jin ciwo. Da na ce miki ba ya magana da kowa, iyakar abin da alkawarin ya bar ni in faɗa ke nan. Saƙonnin kuwa wallahi ban san da su ba.

Ba wanda ya san halin da yake ciki a layin. Inna ba ta son a ga mai bakin nan yana zubar da yawu, Yayanki kuma ya ce kada a bar kowa ya shigo. Shagon a rufe yake ta waje. Da rana sai a turo shi a keken marasa lafiya ta ƙofar baya a ajiye shi cikin rediyoyinsa, don nan kaɗai yake samun natsuwa. Haske ɗan siriri ne ke shigowa ta tsagar ƙofa. Rediyon mutane na nan jere a kanta, kowanne da 'yar takardarsa, ba wanda ya zo karɓa. Layin kansa ya rabu, 'yan Tsani suna bin gefen shagon Tela, 'yan Fitila suna bin gefenmu, tsakiyar titi sai kaji.

Jiya da la'asar ina zaune kusa da shi ina goge masa baki, sai na ji tarinsa. Na dube shi, bakinsa a rufe. Tarin daga waje ya zo. Wani ya tsaya a inuwar shagon, ya jingina da ƙofar, ya kunna waya. Muryar Kawu ta shigo ta tsagar nan tana cewa Tela munafuki ne, shekara da shekaru yana cin amanarsa. Kawu yana ji. Ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya har yanzu akwai shaida, idonsa ɗaya yana zubar da ruwa. Inna ta ce kullum haka ake yi, shi ya sa take toshe masa kunne da auduga, shi kuma yana cirewa.

Na tare Yayanki. Bai ma yi musu ba. Ya ce ya kai wayar Kawu ofishin yaɗa labaran jam'iyyarsu, suka kwashe tsofaffin saƙonninsa na barkwanci suka ɗura wa na'ura, ita ce ke magana yanzu. Wai mabiyan shafin sun yi yawa a bar su a banza, kuma ai da Baba na da baki abin da zai faɗa ke nan. Na ce, har da korar ƙanwarka? Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce wannan ba shi ya sa ba, na'urar da kanta take ba duk wanda ya yi rubutu amsa. Ya ce ya roƙi a tsayar, an ce masa sai bayan zaɓe.

Na tsallaka wajen Tela na gaya masa komai. Bai ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba. Ya ce shi da kunnensa ya ji, kuma ya san tarin amininsa. Rediyon nan nasa yana kan kanta, ya cire masa batir.

Ki lura da abu ɗaya. Muryar ta ce miki "ɗiyata". Yaushe Kawu ya taɓa kiranki haka? Tun da kika fara magana kika ƙi yin shiru, Sabon Batir yake ce miki, kuma a gida kawai, bai taɓa faɗa a shafinsa ba. Na'urar ba ta san sunanki ba.

Likita ya ce zuciyarsa ma ta gaji. Ki karɓo hutun nan ki taho.

Ɗan gwaggonki

*

Ɓarawon Takalmi,

Ina gaisuwa. Ban san ko ina lafiya ba. Na karanta a tsaye a bakin ƙofar asibiti, mai gadi ne ya kawo mini kujera.

Na nemi hutun, sai an samu wadda za ta riƙe mini ɗaki. Amma zan gaya maka tsorona. Na yi jinyar masu irin wannan ciwon da yawa. Wani jiki ne kawai ke tafiya, mutumin yana nan a ciki. Wani kuwa idanu ne kawai suka rage. Kuma wata da watanni yana jin muryarsa tana korata, wa ya sani ko ya yarda shi ya faɗa? Ina tsoron in shigo ya kawar da kai. Ka riga ka ce mini kowa lafiya sau ɗaya, don haka kada ka ce mini yana nemana. Gwaji nake so.

Ka fitar da Inna daga shagon, don za ta ce ba ni da kunya. Ka karanta masa wannan yadda na rubuta, kada ka gyara:

"Tsoho, an ce ka lalace. Ban yi mamaki ba, duk rediyon da ya kwana a shagon nan sai an bubbuga shi a gefe yake magana. Ga ni nan zuwa in bubbuga ka, in ga ko za ka kama tasha. Idan ka ƙi, in kai ka wajen mai gyara na gaske."

Ka dubi fuskarsa da kyau, ka rubuto mini abin da ka gani, ko da babu komai.

Uwar Allura

*

Uwar Allura,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira. Kawu yana nan da rai.

Na karanta masa. Da farko shiru, har na ce a raina shi ke nan. Sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Wani sauti ya fito masa kamar ana jan tebur a kan siminti, na zaci shaƙewa ya yi, na tashi zan kira Inna. Ashe dariya ce. Mummunar dariya, rabin fuska, yawu har ƙirji. Ban taɓa jin abu mai daɗinta ba. Ya buga mini takardar da yatsa sai da na maimaita wajen mai gyara na gaske.

Daga nan ya nuna kanta. Na sauko masa da rediyo ɗaya, ya nuna tashar 'yan Tsani. Ya nuna wayar Inna, na kunna masa saƙon muryar nan tasa. Da hannu ɗaya ya juya su suka fuskanci juna, ya miƙo hannu na sa masa sukundireba. Ya zauna a tsakiya yana kallon wannan, yana kallon wancan.

Yana nan a ciki, kaf ɗinsa. Izinina ya ƙare, gobe zan koma bakin dutse. Ki yi sauri.

Ni ne

*

Zuwa ga ɗan gwaggona,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mun yi ta kiran wayarka, na san ba ka hau tudun nan ba. Gwaggo ta ce ni zan rubuta maka. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Litinin da hantsi. Ka yi haƙuri. Uba ne a wajenka kamar yadda yake a wajena.

Na same shi da rai, kuma kai ka sa. Na shiga ta ƙofar baya da jakata a hannu. Yana cikin keke, ya rame har na kusa ban gane shi ba. Bai kawar da kai ba. Na durƙusa, na ɗan bubbuga shi a gefen kafaɗa sau biyu. Ya laluba cikin tiren da yake zuba tarkace, ya daɗe yana lalube, ya ɗauko batir ƙarami ya sa mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai. Kwanakin da suka rage ni na yi jinyarsa. Na buɗe ƙofar shagon ta gaba, Yaya bai hana ba, amma ba wanda ya tsallako.

Ranar zaman gaisuwa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan Fitila suka zauna gefenmu. 'Yan Tsani suka zo don kunya, suka zauna can gefen Tela, titi a tsakani. Ina daga bakin ƙofa ina miƙa ruwa. Ba ka jin komai sai addu'a ƙasa ƙasa. Sai wayoyi suka yi ƙara kusan tare, nan da can. Wani dattijo da bai iya wayarsa ba ya taɓa, ta buɗe da ƙarfi. Aka ji tarin nan. Aka ji Baba yana cewa yana nan daram da ransa da lafiyarsa, kuma duk wanda ya zaɓi Tsani kada ya zo jana'izarsa.

Ƙasar kabarinsa ba ta bushe a takalman mutane ba. Na ga manyan maza sun daskare, wani ya saki kofi. Dattijon yana ta danna waya ta ƙi yin shiru, ta gama ta sake farawa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Tela ne ya yi magana daga can gefen, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Irin gyaransa ke nan. Nawa rediyon ma tun da ya taɓa shi bai ƙara kashuwa ba."

Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ta fito masa ta hanci. Sai ta kama gefen can, ta tsallako gefenmu. Mutane suna dariya suna istigfari suna share hawaye, Inna daga ciki tana cewa wane marar kunya ne, ita ma muryarta tana rawa. Tela ya tashi ya ratsa tsakiyar titin ya zo ya zauna a ƙofar shago, ya rufe fuska da hularsa, ya yi kuka kamar yaro. Ya ce mini da ya saurare ka, da ya samu amininsa da rai. Yaya ya shige ɗaki, sai washegari ya fito.

Kada ka zaci layin ya gyaru. Da aka kwana biyu kowa ya koma gefensa, sai dai yanzu ana ɗaga hannu. Yaya ya je ofishin nan ya ce musu mai muryar ya mutu, suka yi masa ta'aziyya, suka ce ana dubawa. Muryar ba ta daina ba. Na kunna babbar wayata don amsa gaisuwar mutane, to kullum da safe sai ta turo mini saƙo. Yanzu ta sauko, ta ce ta yafe mini, in dawo gida, ɗiyata. Wani lokaci ina shara a shagon sai in ji tarin, in juya kafin in tuna. Idan abin ya ishe ni sai in ajiye wayar a kan teburinsa, in kunna mata rediyo a gabanta, in bar su su ƙarata.

Roƙo ɗaya nake maka. Dangi suna ta rubuta ta'aziyya a zauren, kowa yana tuno abin da Baba ya taɓa faɗa, kuma na lura duk abin da aka rubuta, bayan kwana kaɗan sai in ji shi a bakin muryar. Na roƙi Inna, na roƙi Gwaggo, Yaya ma ya rantse mini. Saura kai. An ce za a mayar da kai zauren. Idan ka hau tudun nan, ka sa akuyarka, ka zagi wanda ka ga dama, amma sunan da Baba yake kirana kada ya shiga waya. Ka bar shi a takarda. Har yanzu ba ta san shi ba.

Batirin yana aljihun rigar aikina. Na gwada shi, ya mutu tuntuni, irin kyautarsa ke nan.

Ka zo ka gaishe da Inna. Ka taho mini da takalmina.

'Yar kawunka